Daga Kabarin Girku Zuwa Wusasa: Imani da Tashin Matattu a Rayuwar Kiristocin Ƙasar Hausa



Duk wanda ya karanta littattafan hikaya na Hausa da yawa zai lura da wani abu. Idan Kirista ya shigo cikin labari, yawanci ɗayan uku ne: ko mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ko malamar asibiti mai tsiwa, ko budurwar da za ta musulunta kafin babin ƙarshe. A laƙa masa suna, a sa masa gurguwar Hausa a baki, a sallame shi. Abin da ke cikin ransa ranar da ya binne ɗansa, da abin da ke sa shi tashi da sassafe ranar Lahadi, ba a cika tambaya ba. Alhali mutanen nan muna haɗa layin famfo da su a Ƙauran Namoda da Gusau, mun zauna aji ɗaya da su a kwalejin kimiyya da fasaha, wasunsu kuma Hausawa ne gaba da baya. Marubucin da bai san abin da tauraronsa ya gaskata game da mutuwa ba, bai gama saninsa ba. Shi ya sa yau za mu bi tarihin aƙida guda ɗaya, wadda Kirista ke cewa ita ce ginshiƙin addininsu, mu ga yadda ta shafi zamansu a ƙasar nan.

Mu fara da abin da aƙidar ta ƙunsa. Kirista sun gaskata cewa an gicciye Yesu Almasihu a Urushalima ranar Juma'a, ya mutu, aka sa shi a kabari, a rana ta uku kuma, wato Lahadi, ya tashi da jikinsa. Sun kuma gaskata cewa tashinsa shi ne tabbacin tashin sauran matattu a ranar ƙarshe. A nan suka rabu da Musulmi. Musulmi sun yi imani da tashin ƙiyama da hisabi, amma Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya kore cewa an kashe Annabi Isa alaihis salam ko an gicciye shi, ya ce Allah ne Ya ɗauke shi. Wannan saɓani ne na gaske, kuma babu amfanin shafa masa mai. Aikinmu a wannan fili shi ne fahimtar abin da maƙwabci ya riƙe da yadda riƙon ya juya rayuwarsa. Muhawarar wane ne ke kan gaskiya tana da nata malamai da nata zaure.

Rubutu mafi tsufa da ya yi dogon bayani a kan wannan batu shi ne wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga mutanen Korinti a ƙasar Girka, wadda masana ke sa rubuta ta tsakanin shekara ta 53 da 55 miladiyya. A babi na 15 Bulus ya jingina komai a kan tashin nan, ya nuna cewa in har bai faru ba, to wa'azinsa da imanin masu sauraronsa duk aikin banza ne. Ya kawo misalai biyu da manomin Zurmi zai gane ba tare da tafinta ba. Na farko, ya kamanta Yesu da amfanin gona da ya fara nuna. Mu a nan mun san tumu: idan aka gasa tumun gero aka ci, kowa ya san kaka ta ƙarato, sauran gonar na tafe. Na biyu, ya kamanta gawa da iri. Abin sha'awa, Hausa ta riga ta haɗa waɗannan biyu a kalma ɗaya. Shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka sunanta binne, ko bizne kamar yadda muke faɗi a Zamfara. Mai bizne yana zuba irinsa a ƙasa ne don ya sa ran tsiro. Haka Kirista ke kallon makabarta. Wani abin lura ga marubuci: da Bulus ya gama wannan dogon bayani, abin da ya biyo baya nan take a babi na 16 shi ne maganar tara gudummawa domin matalautan Urushalima, kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako. Tun daga tushe, maganar kabari da maganar aljihu a haɗe suke.

Daga wannan aƙida abubuwa uku suka fito waɗanda za mu ci gaba da gani har mu iso gida. Na ɗaya, ranar ibada. Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne masu kiyaye Asabar, amma suka riƙa taruwa ranar Lahadi domin tunawa da tashin. A shekara ta 321 Sarkin Rum Kwanstantin ya mai da Lahadi ranar hutu. Wannan al'ada ta bi ta Turai, Turawan Ingila suka kawo ta nan, shi ya sa har yau sakatariyar ƙaramar hukumar Shinkafi take rufe ranar Lahadi. Na biyu, daraja jiki. Idan jiki zai tashi, to ba tsumma ba ne da za a yar, ko da na kuturu ne. Na uku, sauƙin tsoron mutuwa. Wajen shekara ta 260, lokacin wata annoba da ta cinye biranen daular Rum, Bishop Diyonisiyus na Iskandariyya a Masar ya rubuta cewa Kiristocin birnin sun tsaya jinyar marasa lafiya da wanke gawawwaki, da yawansu suka kamu suka mutu. A shekara ta 362 Sarki Yuliyanus, wanda ya bar addinin Kirista ya koma bautar gumakan kakanninsa, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa abin da ke ƙara wa Kirista jama'a shi ne kyautata wa baƙi da kula da binne matattu da ciyar da matalauta, nasu da waɗanda ba nasu ba. Shaidar abokin gaba ce, shi ya sa masana tarihi ke ba ta nauyi.

Yanzu mu dawo gida. Tarihin mishan a ƙasar Hausa da kaburbura ya fara. John Alfred Robinson na ƙungiyar CMS ta cocin Ingila, wanda ya duƙufa a kan koyon Hausa, ya mutu a Lakwaja a 1891. Abokin aikinsa Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. Domin tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ƙaninsa Charles Henry Robinson kuma ya zo har Kano, daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya mutu a Bidda. A lokacin ba a ma gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Bingham ya koma Kanada ya kai wa mahaifiyar Gowans kayan ɗanta. Ya ruwaito cewa matar ta nuna masa ta fi son ɗanta ya mutu a can shi kaɗai da ya zauna gida yana saɓa wa kiran Ubangijinsa. Bingham ya sake gwadawa a 1900 ya kasa, sai a 1902 ƙungiyarsa ta samu wurin zama a Fategi. Ita ce ta zama SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954.

A 1900 ɗin nan ne kuma ayarin CMS na mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya isa Kano. Sarkin Kano Alu Babba ya ba su kwana uku su bar masa gari. Suka ja da baya zuwa Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Claude Dudley Ryder, ya mutu. Cikin waɗanda suka rage akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905. Ana iya yi wa waɗannan mutane suka ta fuskoki da dama, kuma za mu zo kan haka. Amma marubucin da ke son gane dalilin da zai sa saurayi ya ga kabarin abokinsa ya ƙi komawa gida, dole ya san abin da saurayin ya gaskata game da kabarin.

Labarin da ya fi shafarmu shi ne na Hausawa da kansu. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, ya tara almajirai. Aka kama shi aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka watsu zuwa yankin Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Isawa ba Kirista ba ne. Suna girmama Isa suna jiran dawowarsa, amma daga cikin Alƙur'ani suka san shi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Likita Mila a Zariya. Ga waɗanda suka karɓi baftisma a cikinsu, babban tsallaken shi ne yarda cewa Isa ya mutu kuma ya tashi. Wasu Isawan ba su yi wannan tsallake ba, suka ci gaba da zama a kan koyarwar malaminsu.

Waɗanda suka karɓa sun kafa ƙauyensu a Gimi cikin ƙasar Zazzau, da gonaki da makaranta da majami'a, ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Ba su daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa musu. Ya kashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse. A sa kai a matsayin mutumin Gimi. Ka bar danginka da tafarkin iyayenka, ka karɓi addinin da ke cewa an ci nasara a kan mutuwa, sai ga mutuwa ta shigo gida gida, kuma da siffar barci, kalmar da sabon addinin naka ke kiran mutuwa da ita. 'Yan'uwan da ka bari ba za su rasa cewa alhaki ne ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda suka tsira suka riƙe addininsu suka koma Zariya, a 1929 kuma aka mai da mishan ɗin bayan ganuwa, a Wusasa. Ga labari nan kwance mai ɗaukar littafi guda, yana jiran mai alƙalami.

A Wusasa aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibitin St. Luke. Daga wannan ƙaramar al'umma aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausar boko, aikin da Miller ya yi shekaru a kansa tare da Hausawan da suka taimaka masa.

Daraja jikin da muka ambata ta fito fili a aikin kutare. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta karɓi kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. A zamanin da mutane ke ƙyamar haɗa ƙwarya da kuturu, an samu masu wanke masa gyambo da hannunsu. Sai dai waiwaye adon tafiya. Waɗannan asibitoci wuraren wa'azi ne kuma, majinyacin da ba shi da wani wurin zuwa ba ya cikin halin da zai yi musu cikin sauƙi, kuma sarakuna da malamai sun yi ƙorafi a kan haka, musamman game da yara. Mishan ya yi aiki a inuwar mulkin mallaka, ko da yake sau da yawa jami'an mulkin sun hana shi shiga biranen Musulmi don gudun ɓata wa sarakuna rai. Marubuci na gari zai riƙe duka biyun: jinƙan na gaske ne, manufar juya mutane ma ta gaske ce.

Mu a wannan yanki, jirgin ƙasa ne ya kawo mana yawancin Kiristocin farko. A 1929, shekarar da aka koma Wusasa, layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya. Tare da shi aka samu ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga daga Kudu da sauran sassan Arewa, suka kafa majami'unsu. A 1953 cocin Katolika ya ware yankin Sakkwato ya danƙa shi ga limaman Dominikan daga Amurka, waɗanda suka yi zamansu a Gusau, Edward Lawton kuma ya zama bishop na farko a 1964. Jikokin waɗancan baƙi da yawansu a nan aka haife su, a nan suka binne iyayensu, Hausarsu kuwa har da "awo" da "mi na na".

Wannan aƙida ba ta tsaya a littattafan tarihi ba. Ranar 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗalibin diyosis ɗin Sakkwato wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa a lokacin. A wurin jana'izarsa Bishop Matthew Hassan Kukah ya caccaki gwamnati da kakkausan harshe a kan rashin tsaro, a huɗubar nan kuma ya gaya wa masu makoki cewa ramuwa da takobi ba hanyarsu ba ce. Hujjar da ke ƙarƙashin wannan magana ita ce: idan mutuwa ba ita ce ƙarshe ba, kuma akwai ranar da za a yi wa kowa shari'a, to wanda aka zalunta ba ya bukatar ya karɓi hakkinsa da hannunsa. Mutanen Zurmi da Shinkafi, da suka sha binne 'yan'uwa saboda 'yan bindiga, sun san nauyin wannan magana, domin su ma da "Allah Ya isa" da jiran ranar hisabi suke rarrashin zukatansu.

Kada kuma a ɗauka aƙida tana aiki kamar famfo, a murɗa haƙuri ya zubo. A rikicin Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna a 2000, da na Yalwan Shandam a 2004, da na Zonkwa a 2011, an zubar da jini, kuma akwai masu zuwa majami'a cikin waɗanda suka ɗauki makami, kamar yadda akwai masu zuwa masallaci. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 yana jagorantar matasan Kirista, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a ɗaya ɓangaren. Sun haɗu a 1995, kuma kowannensu ya faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana fama da zuciyarsa kafin koyarwar addininsa a kan yafiya ta rinjaye shi, har suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Wannan tazara da ke tsakanin abin da mutum ya gaskata da abin da zuciyarsa ke raya masa, a nan labari yake. Tauraron da ya yafe tun a shafi na biyu bai ba mai karatu komai ba.

Sai maganar harshe, wadda ita ce sana'armu. Hausar majami'a tana da kalmominta, kuma wanda bai san su ba zai sa wa tauraronsa maganar da ba tasa ba. A bakin Musulmi, bege shi ne ƙauna da ɗokin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko na masoyi. A bakin Kirista, bege shi ne sa zuciya ga abin da aka yi alkawari, musamman tashin matattu. Imani a wurinsu bangaskiya ne. Ceto a wurin Musulmi yana tuna masa ranar ƙiyama, a wurin Kirista kuwa abu ne da yake cewa ya riga ya samu. Idan an yi rasuwa za ka ji an ce wane ya yi barci cikin Ubangiji, ko an kira shi gida. Ana iya ajiye gawa kwanaki kafin dangi su taru, ana sa ta a akwati, mata na zuwa bakin kabari, 'yan zumuntar mata kuma suna waƙa da kayan kiɗansu. Baƙon da ya ji waƙa a gidan mutuwa zai iya zaton rashin tausayi ne. Su kuwa kuka suke yi suna tuna wa juna cewa rabuwar ta ɗan lokaci ce. Babban idinsu a wannan fuska shi ne Ista, wanda ke zuwa tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu, bayan azumin kwana arba'in a wurin Katolika da Angalika, daidai lokacin da zafin bazara ya kai maƙura manoma na shirin bizne.

Mu tuna kuma cewa Kiristan Bahaushe yana cikin adabinmu tun ranar farko. Cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar rubutu ta 1933 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Labari ne na mutumin da aka ƙwace wa budurwa da ƙarfin dukiya, ya ƙare rayuwarsa wajen neman fansa, fansar kuma ta cinye har wanda bai ji ba bai gani ba. Duk Bahaushe ya karanta shi ya ga kansa a ciki, ba tare da ya tambayi addinin marubucin ba.

Shawararmu ga mai son sa Kirista a labarinsa ita ce ya yi abin da zai yi in zai rubuta labarin maƙeri ko mahauci: ya je ya tambaya. Ya nemi maƙwabci ko tsohon abokin karatu, ya ce masa, "Baba, ranar da aka binne mahaifinka me aka karanta, me aka rera, me ya sanyaya maka rai?" Ya saurara ba tare da gardama ba, ya rubuta abin da ya ji da kalmomin mai shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yin haka ba ya rage wa kowa imaninsa, yana dai hana alƙalami yi wa maƙwabci ƙarya, kuma a ƙasar da jahiltar juna ta sha jawo asarar rayuka, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.